Shinge da Lokacinsa: Kula da Ƙananan Itatuwa a Ƙasar Gaya da Ajingi



Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da maganar shinge da dashe, alhali ga malaman aikin gona nan birjik a jami'o'inmu? Amsar ita ce, wani kaso mai yawa na ilmin itatuwan ƙasar nan a cikin harshe yake ajiye. Tun a 1916 Dokta J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su littafi guda, sa'an nan ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya ƙaro wasu da dama, kuma duk wanda ya zauna da waɗannan littattafai zai ga cewa Bahaushe bai raɗa wa tsiro suna a banza ba. Ku ɗauki bi-ni-da-zugu. Zugu shi ne farin saƙin da ake yin likkafani da shi, saboda haka sunan kansa gargaɗi ne ga mai sha'awar cin 'ya'yansa. Ku ɗauki fid-da-sartse, wadda sunanta ya faɗi aikin da ake yi da ƙaronta. Haka kuma Bahaushe ya bambanta darni na kara da danga da zana da katanga, ya ware shinge daban, kuma a cikin shingen ma ya san na ƙaya busasshiya, wanda ake sabuntawa kowace shekara, ya san na itace mai rai, wanda akan gada daga kakanni. A kan wannan na biyu zan yi magana, tare da ƙananan itatuwan gona da na garka, irin su lalle da magarya da sabara da gwaiba, waɗanda ba su kai a kira su bishiya ba, sun kuwa wuce a kira su ciyawa.

Na zaɓi ƙasar Gaya da Ajingi, can gabashin Jihar Kano a kan iyaka da Jigawa, domin a wuri guda ta haɗa ƙasa iri biyu. Akwai tudu mai rairayi, inda ake gero da dawa da gyaɗa da wake, akwai kuma fadamun kogin da ya taso daga Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, inda ake lambu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ajingi mutum kimanin 174,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 714, watau fiye da mutum 240 a kowane murabba'in kilomita, kuma kowa ya san adadin ya ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ma'anar wannan a aikace ita ce, daga Toranke zuwa Balare, daga Gafasa zuwa Kunkurawa, gona tana manne da gona. Duk sa'ad da magidanci ya rasu aka raba gado, gona ɗaya takan zama uku ko huɗu, iyaka ɗaya ta zama biyar. To, iyakar da ba ta da shaida ita ce ke kai 'yan'uwa ciki ɗaya gaban mai unguwa, daga nan gaban dagaci, daga nan kotu. Turken katako gara takan cinye, dutse akan gusar da shi da dare, amma layin aguwa da ya shekara talatin ba ya tashi daga inda yake.

Akwai kuma maganar dabbobi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da aka yanke game da taguwar Bara'u ɗan Azibu da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda aka ɗora wa masu gonaki tsaron gonakinsu da rana, aka ɗora wa masu dabbobi lamunin abin da dabbobinsu suka ɓata da dare. Malaman fiƙihu sun yi ƙarin bayani da sharuɗɗa a kan wannan, amma ko a haka ma an ga cewa manomi yana da nasa kason na tsaro. Burtali kuwa, watau hanyar shanu da ke ratsa tsakanin gonaki, shinge ne a dama da hagu ya mai da shi burtali. In shingen ya mutu, manomi yakan ci taku ɗaya bana, ya ci wani baɗi, har hanya ta tsuke, sa'an nan ranar da garke ya zo wucewa a yi abin da ba a so.

Abin da nake so in tabbatar muku yau guda ɗaya ne. Shinge da ƙananan itatuwa suna da nasu lissafin lokaci, kuma ya saɓa wa na hatsi. Mai hatsi damina ce idonsa. Mai shinge kuwa, aikinsa mafi nauyi a bazara yake, sa'an nan a kaka, watau lokatai biyu da yawancin mutane suke ganin ba abin da ake yi wa itace. Rashin sanin wannan shi ne ya kashe yawancin dashen da muka gani an yi da kiɗa da jawabi.

Bazara

Manoman ƙasar Hausa suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Taurari uku na ƙarshen bazara su ne Buɗaini da Surayya, wadda muke kira kaza da 'ya'yanta, da Dabaran, kuma sukan faɗo daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, ko da yake masu lissafi sukan saɓa da 'yan kwanaki. Wannan shi ne lokacin da zafi ya kai maƙura, ƙasa ta bushe ƙarau, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. A daidai wannan lokaci ne ake dasa aguwa da dashi da ararraɓi da bi-ni-da-zugu.

Ɗalibi zai ce, yaya za a dasa abu a busasshiyar ƙasa? Dalili shi ne, waɗannan itatuwa ba da iri ake yaɗa su ba, da reshe ne, kuma reshen yana ɗauke da guzurinsa na ruwa da abinci a cikin jikinsa. Abin da yake tsoro shi ne ruɓa. In aka sare reshen aguwa aka cusa shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakiyar damina, bakin saran yakan sha ruwa ya ruɓe tun bai fid da saiwa ba. In kuwa aka sare shi a bazara, aka ajiye a inuwa kwana uku zuwa mako guda har ƙaron ya tsaya bakin ya bushe, sa'an nan aka binne shi a busasshiyar ƙasa, to, zai zauna lafiya yana jira, kuma da zarar iska ta juya ta fara kawo laima sai ya soma saiwa. Ruwan farko zai same shi a shirye.

Yadda tsofaffin manoma ke yi, reshen aguwa yakan kai kamu ɗaya ko fiye kaɗan, a binne sulusinsa, a bar taƙi ɗaya ko biyu tsakanin wannan da wancan. Wanda ke son shinge mai kauri yakan ja layi biyu, ya sa na layin baya su toshe giɓin na layin gaba. Dashi da ararraɓi kuwa dirka ake sarowa, mai tsawon kamu uku ko huɗu da kaurin damtsen yaro, a haƙa mata rami da dagi, a danne ƙasar sosai don kada iskar farkon damina ta girgiza ta, gama dirkar da ke motsi ba ta kama ƙasa. Kada a manta da sanin sama da ƙasa: reshen da aka dasa a kife ya tafi ke nan. Kuma a kiyayi ƙaron aguwa da ido, a hana yara wasa da shi.

Game da bi-ni-da-zugu ina da ƙorafi. Wajen 2007 da 2008 duniya ta ɗauki ɗumi a kansa, aka ce man 'ya'yansa zai maye gurbin man dizal, kamfanoni suka buɗe manyan gonakinsa a ƙasashen Afirka da Indiya, cikin 'yan shekaru yawancinsu suka durƙushe, domin an gano cewa a ƙasa marar ƙarfi yakan rayu amma ba ya 'ya'yan kirki. Kakanninmu ba su taɓa ɗaukarsa amfanin gona ba. Shinge suka ɗauke shi, kuma a nan ya ƙware, tun da akuya ba ta cinsa. Sai dai ban ga dalilin dasa shi a bakin makarantar firamare ko asibiti ba, domin 'ya'yansa suna da gardi a bakin yaro, kuma kaɗan daga cikinsu sun isa su jawo amai da gudawa mai tsanani.

Aiki na biyu na bazara shi ne datse magarya. Magarya takan nuna da sanyi, a ci, a daka, a kai kasuwa, daga nan ta kakkaɓe ganye ta yi kamar barci. Abin lura shi ne, a jikin sabon toho take fure, ba a tsohon reshe ba. Saboda haka magaryar da aka bari shekara da shekaru ba a taɓa ba takan zama sarƙaƙiya, 'ya'yan su ƙanƙance, su koma can ƙarshen rassa inda hannu ba ya kai. In aka rage rassan bara a bazara, aka bar gaɓa kaɗan a gindin kowanne, aka fid da busassu da masu gogar juna, damina na sauka za ta yi toho mai ƙarfi. Ƙayar da aka saro kuwa ba a ƙone ta, ita ce za ta tsare sabon dashe. Wannan ƙasa ta maƙera ce tun fil azal, har tarihi ya nuna Abagayawan da suka fara zama a gindin Dala neman tama daga Gaya suka taso, saboda haka ba uzuri ga mutumin Gaya ya yi datsa da dakusasshiyar adda. Sara ɗaya mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, a karkace don ruwa ya zurare, shi ne ke warkewa. Saran da ya tsage ɓawo ƙofa ce aka buɗe wa gara da ruɓa.

Sai babban al'amari, watau sharar gona. A watan Afrilu da Mayu manomi yakan bi gonarsa ya sassabe sabara da kalgo da geza ƙasa-ƙasa, ya tara ya cinna wuta, ya ce gona ta yi fes. Haka muka tashi muka gani. Amma a ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa waɗannan 'yan tsirrai da ake sarewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwoyinsu masu zurfi a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya shiga jawo hankalin manoma su riƙa zaɓar rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture su bari, su sare sauran, su share ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsawon waɗanda aka bari. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, manoman can suka raɗa masa suna sassaben zamani, kuma masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa fili kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar ya sake samun itatuwa ta wannan hanya. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Daga baya wani bincike da aka yi a Senegal, aka buga a 2018, ya nuna cewa saiwar sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta sake shi kusa da sama, har geron da ke gefenta ya sha. Ashe abin da muke ɗauka kishiyar gero ce, uwar goyonsa ce a shekarar fari. Wanda bai yarda ya bar rassa ba, aƙalla ya baza ganyen da ya saro a gona maimakon ƙonawa, domin taki ne.

Damina

Damina takan kama da Haƙa'a, sai Hana'a, sai Zira'a, sai Nasara, sai Ɗarfa, sai Jabha, sai Harsan. A wannan yanki ruwan shekara galibi tsakanin milimita 700 ne zuwa 900, kuma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka, mafi yawa a Agusta. Abin da aka reno a leda ko a kwali, irin su lalle da bagaruwa da gwaiba da lemun tsami da rumman, lokacin dasa shi shi ne sa'ad da ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu fiye da kamu, watau wajen Zira'a da Nasara, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Lissafin a fili yake. Ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Dashen farkon Yuli yana da mako goma sha biyu na ruwa a gabansa, dashen ƙarshen Agusta yana da huɗu ko biyar. Na farko saiwarsa za ta bi laima ta nutsa, na biyu kuwa rani zai same shi saiwarsa ba ta wuce bakin rami ba.

A nan ne nake so ma'aikata su saurare ni da kyau. Bikin dashen itatuwa a ƙasar nan ya saba faɗowa a tsakiyar malka ko bayanta, domin sai an jira kuɗi sun fito, sai an jira babban baƙo ya sami sarari. A dasa dubu, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto cewa an dasa dubu. Ba mai komawa a watan Maris ya ƙirga nawa suka rayu. Da za a mai da rahoton ya zama na watan Maris, da ranar bikin ta gyara kanta.

Rami tun a bazara ya kamata a haƙa shi, kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, a ware ƙasar sama daban, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki na juji, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yakan ƙona saiwa ya kuma kira gara. A yage ledar a cire ta, abin da sau da yawa 'yan ƙwadago ba sa yi in ana sauri. A dasa da yamma, kada a binne wuyan tsiron fiye da yadda yake a leda, musamman ma mai aure, wanda dole mahaɗin ya kasance a sama da ƙasa.

Tun da na ambaci aure, bari in koma kan magarya. Kowa ya san mangwaro mai aure, amma kaɗan ne suka san ana yi wa magarya. A cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an yaɗa aura wa magaryarmu ta gida irin magaryar Indiya, kamar wadda ake kira Gola, mai 'ya'ya manya kamar ƙwan kaza ƙarami, masu ruwa da garɗi, har aka yi mata laƙabi da tuffar Sahel. Gindin namu ne, mai jure fari, kan kuwa baƙo ne. Akan yi auren a kan sabon toho lokacin da itacen ke cikin ƙarfinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗi a cire shi nan da nan, in ba haka ba na gida zai rinjayi baƙon ya kashe shi. Manomin da ke da magarya goma a kan iyakarsa yana da gindi goma da ba sai ya reno ba.

Irin lalle yana da taurin ɓawo, sai an jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa kafin ya tsira, shi ya sa ake renonsa a fadama ko bakin rijiya tun da rani, a kwashe a dasa da damina. A ganina babu shingen da ya kai shi riba a gonakin da ke kusa da gari, domin yana tsare iyaka, ba ya cin wuri, ganyensa kuma kuɗi ne, tun da ba a biki ko salla ba tare da shi ba. Haka zogale a dangar gida, wanda in aka bar shi yakan miƙe sama ya fi ƙarfin mai tsinka, in kuwa ana datse kansa daidai ƙirji sai ya yi rassa ya cika da ganye.

Askin shinge ma aikin damina ne, kuma a nan ake yawan kuskure biyu. Na farko, mutum yakan ji tausayin sabon shinge ya ƙi taɓa shi don ya yi tsawo da wuri. Sakamakon shi ne dogayen sanduna masu ganye a ka, ƙasa kuwa wayam. To, akuya ba ta sama take shiga ba. Shingen lalle ko bagaruwa ko magarya, in ya kama ƙasa ya yi ƙarfi, sai a datse shi ƙasa, wajen gwiwa ko ƙasa da haka, don ya yi rassa tun daga gindi, sa'an nan a riƙa tanƙwara rassan ana saƙa su cikin juna tun suna ɗanye. Kuskure na biyu na masu aski da almakashi ne a gidajen ma'aikata da harabar ofisoshi, waɗanda ke barin kan shinge ya fi gindinsa faɗi. Kan yakan yi wa gindin inuwa, ganyen ƙasa ya zube. Gindi ne ya kamata ya fi faɗi, kai ya tsuke, kamar yadda magini ke ɗora katangar ƙasa.

Sauran aikin malka sananne ne: cire ciyawa daga gindin dashe, cike giɓin da ya mutu, da buɗe wa ruwa hanya a fadama, gama lemun tsami ba ya son ruwa ya kwanta masa a wuya, yakan sa ɓawon ya tsage ya riƙa fid da ƙaro har itacen ya bushe.

Kaka da ɗari

Da an kawar da amfanin gona akan saki dabbobi, kuma a nan ne dashen bana yake gamuwa da ajalinsa. Duk gona ta bushe, abu ɗaya kore da ya rage shi ne ɗan tsiron da aka dasa a Yuli. Saboda haka tun kafin a gama yankan gero, kowane dashe ya sami kariyarsa, ko ta ƙayar da aka ajiye tun bazara, ko ta kara da aka kafa aka ɗaure, ko tsohon kwando marar gindi. Kariyar ta fi tsiron tsawo, ta kuma ba shi sarari, domin akuya takan miƙe a kan ƙafafun baya ta zura kai. Sabon shinge mai rai shi kansa yana bukatar mataccen shinge ya yi masa gadi shekara biyu ko uku. Wanda ba zai iya wannan ba gara ya dasa goma ya tsare da ya dasa ɗari ya bar wa awaki.

Abokin gaba na biyu wuta ce. Gamba da ake bari a kan iyaka tana da amfani, tana riƙe ƙasa, ana zana da ita, amma in ta bushe a jikin shinge makamashi ce. A yanke ta da wuri, a share taku biyu a kowane gefen shingen. Aguwa da dashi suna jure shekarar fari, amma wutar minti biyar ta masu farautar gafiya ta isa ta dafa su.

A kaka ne kuma ake yankan lalle, lokacin da ganye ya ƙosa bai fara zuba ba. A yanke rassan ƙasa, a shanya a inuwa, a kakkaɓe. Lallen da aka shanya a rana tsaka yakan koɗe, mata kuwa da ido suke saye, kore shar suke nema.

Ban ruwa ya shafi 'yan garka ne da dashen shekarar farko. Ƙa'idarsa ita ce a ba da mai yawa jefi-jefi. Yayyafin kullum yakan sa saiwa ta tsaya a sama tana jiran moɗa, ranar da aka yi tafiya kuwa tsiron ya mutu. Bokiti guda ko biyu sau biyu a mako, da sassafe ko da yamma, a cikin gurbin da aka kewaye nesa kaɗan da gindi, ya fi. Inda ruwa ke da wuya, a binne tulu marar shafe a gefen tsiron har wuya, a cika shi a rufe bakin, zai riƙa tsattsafowa a hankali. A rufe gurbin da ciyawa ko ɓawon gyaɗa don rage bushewa, amma a bar taƙi guda tsakaninsa da jikin itacen saboda gara, a barbaɗa toka, a riƙa ɗagawa ana dubawa. Rumman kuwa a ba shi ruwa a kan ƙa'ida ɗaya in yana da 'ya'ya, domin ƙishi da ƙoshi a jere su ke sa 'ya'yan su fashe a kan uwa. Shi da gwaiba duka a riƙa cire 'yan tohon da ke fitowa daga gindi, gwaiba kuma a rage mata rassa bayan an gama cin 'ya'yanta, tun da ita ma a sabon toho take haihuwa. Lemun tsami ba ya son yawan sara; busasshen reshe da mai cuta kawai za a fitar.

Da hunturu ya kankama ganye ya ragu, sai kauci ya bayyana, kore shar a kan itacen da ya tsiraita. Tsuntsaye ne ke kai irinsa, su goge baki a reshe, ya tsira ya kafa tushensa a cikin naman itacen yana shan ruwansa. Fizge shi ba ya magani, zai dawo. Sai an sare reshen da yake kai, taƙi ɗaya ko biyu ƙasa da kumburin. A wannan lokaci ne kuma ake tara irin bagaruwa da ƙwallon magarya daga uwayen da aka ga sun fi kyau, a ajiye a busasshen wuri, a kuma zagaya shinge a sa alama a duk inda ya yi giɓi, don a san yawan rassan aguwa da dirkokin dashi da za a nema kafin Buɗaini ya kama. Wanda ba shi da su a gonarsa, tun yanzu zai yi wa maƙwabcinsa magana, gama ba a saran shingen wani sai da izninsa, ko da reshe ɗaya ne.

Malam Shugaba, a nan zan dakata, in akwai tambaya ina saurare.